Mu maida anten kan soro

Jama'a, duk ƙarshen wata kukan ɗaya ne: abonma ya ƙare, tele ta yi shiru. Alhali Télé Sahel kyauta take shigowa, da labarun Hausa da kokowar gargajiya lokacin neman takobi. Anten ɗin da muka sauke don kunya, wai kayan talaka ne, sau ɗaya fa ake sayensa.

A ɗaure shi bisa dogon tiyo, a dinga juyawa wajen tashar garinku har yaro daga ɗaki ya ce "tsaya, ya fito!" Inda TNT ta iso, tsohuwar tele sai an ƙara mata dekoda. Amma don Allah tiyon ya nisanci wayoyin kuran, kuma in hadari ya taso, a zare wayar anten.