Ƙarin ruwa ba ya cikin kayan dubiya

A Tawa da ƙauyukan Adar, da yawanmu ba ma yarda an duba majinyaci sai mun ga an rataya masa ledar ruwa. In likita ya ba da ƙwayoyi kawai, sai dangi su fito suna gunaguni: "Ko ruwa bai sa masa ba." Wannan ɗabi'a tana iya kashe mai ciwon zuciya, balle wanda aka yi wa tiyata.

Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, likitoci kan ciro wata daga ƙafa ko ƙirji su yi wa jini sabuwar hanya. Bayan aikin ana sa wa majinyaci ruwa, amma da awo, ana lura da bugun jininsa da yawan fitsarinsa awa bayan awa. In ruwan ya gaza, ƙoda ta wahala. In ya yi yawa, ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Shi ya sa ake sallamar wasu da maganin sa fitsari, don a rage ruwan jikinsu.

To, a ce dattijo ya dawo gida daga irin wannan aiki a Tunisiya ko Indiya, 'ya'yansa da ke nema a Abijan ne suka haɗa kuɗin. Zafin Afrilu ya taso, ya ce yana jin jiri, sai a kira wani mai allura ya ɗaura masa leda biyu a ɗaki. Ledar ruwan gishiri mai rabin lita tana ɗauke da gishiri giram 4.5, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini. Leda biyu kuwa, an ɗora wa zuciyar da ba ta gama warkewa ba kayan da ya fi ƙarfinta.

Yara ma ba su tsira ba. Wani bincike da aka wallafa a 2011, kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, ya gano cewa waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa.

Ƙarin ruwa yana ceton rai a kwalara, da gudawa mai tsanani, da zubar jini. Amma ma'aikacin lafiya da ya duba mutum ne zai ce a sa, ya kuma faɗi adadi.

Iyaye, in akwai mai ciwon zuciya a gida, ku riƙa auna nauyinsa kowace safiya. In ya ƙaru da sama da kilo 2 cikin kwana 3, ko ƙafafu suka kumbura, ko ya kasa kwanciya saboda numfashi, ku kai shi babban asibitin Tawa tare da takardun tiyatarsa. Malamai kuma, ku koya wa ɗalibai wannan, domin su ne ake aike su kira mai allurar.