Ba albashi kaɗai ke riƙe malami a ajinsa ba

A duk lokacin da ƙungiyoyin malamai irin su SNEN suka zauna da gwamnati, maganar albashi da ta ɗaukar malaman kwantiragi aiki na dindindin ke kan gaba. Amma akwai wata matsala da ba a cika tsayawa kanta ba, wato halin da wurin aikin kansa yake ciki.

Tun ƙarshen shekarun 1990 ne Nijar ta fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama 'yan kwantiragi, don a buɗe makarantu da yawa da kuɗi kaɗan. Makarantu sun yawaita, amma gine-gine ba su bi sahu ba. Dubban azuzuwa na zana ne, ana kafa su bayan girbi, iska da ruwan farko kuma su kwashe su kafin shekara ta ƙare.

Ba a manta da gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai ba, cikin watan Afrilun 2021, wadda ta halaka yara 20, da ta Maraɗi cikin Nuwamban wannan shekarar, inda fiye da 20 suka rasu. Malamin da ke koyarwa a irin wannan rumfa da fargaba yake wuni.

A ƙauye abin ya fi tsanani: babu gidan malami, babu makewayi, ruwa sai an yi tafiya, kuɗin wata kuma sai an je birni. Shi ya sa da yawa ke neman a maida su gari, wasu su koma ƙungiyoyin agaji ko kasuwanci. Wanda ya rage ma, jikinsa na aji, hankalinsa na wani wuri. Haka abin yake ga ma'aikacin lafiyar da aka tura asibitin karkara ba wuta ba kayan aiki.

Asarar a kan talaka take faɗawa, domin ɗansa ne ke rasa malami a tsakiyar shekara, gwamnati kuma ta sake kashe kuɗin horar da wani.

Don haka gina aji na siminti, da gidan malami, da rijiya, da biyan haƙƙi kan lokaci, su ne matakan farko na riƙe ma'aikaci. Iyaye da kwamitocin makarantu na da haƙƙin tambayar hukumomin garuruwansu nawa aka ware wa wannan aiki a kasafin bana.