Haƙorin da aka ƙera don ya ja da baya

Wanda ya ga haƙoran injin kaftu suna karkarwa a bayan tarakta zai ɗauka ƙarfen ne ba shi da ƙwari. Alhali da gangan aka ƙera su haka. Haƙori mai siffar harafin S, wanda kamfanin Kongskilde na ƙasar Denmak ya yi suna da shi, ƙarfen sifirin ne, kuma karkarwar ce ke farfasa hoge. Manyan haƙora kuwa sifirin daban ake ɗaura musu: in baki ya ci karo da dutse ko kututture, sai ya ɗaga, ya tsallake, ya koma mazauninsa.

Shi ya sa nake ganin babban kuskure ne manomi ya sa mai walda ya liƙe shi ƙam, wai don ya ƙara nutsewa. Gaskiya ne, a busasshiyar ƙasa haƙorin kan ja da baya, zurfin kaftu ya ƙi daidaita. Amma maganin wannan shi ne a ƙara ɗaure sifirin, ko a jira ruwa ya sauka. Zafin walda yana kashe ƙwarin ƙarfen, kuma bugun da sifirin ke shanyewa kan firam zai koma, inda gyara ya fi tsada nesa ba kusa ba.