Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Walda Da Haɗa Ƙarfen Gini Na Dakoro



Iyayena masu gidan sana'a, yayyena da ƙannena ƴan koyo, na cikin garin Dakoro da na Kornaka, Sakabal da Birnin Lalle, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da zafin wuta da na rana. Allah ya sa albarka a guminku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aikinku ya tashi daga ƙasa ya hau sama. A da, mai walda ƙofa yake yi da taga da gadon ƙarfe da gyaran amalanke. In waldar ta saki, a dawo masa da kaya ya sake, magana ta ƙare. Yau ku ake kira ku ɗora rufin masallacin Juma'a, ku kafa rumfunan kasuwa da ɗakunan ajiyar hatsi, ku tsayar da ƙafafun shato, wato tankin ruwa na sama, a bakin rijiyar burtsatse. Tun bayan gobarar ranar 8 ga Nuwamba 2021, wadda ta ci ran yara sama da 20 a azuzuwan zana a Maradi, ake ta ƙoƙarin maye zana da siminti da ƙarfe, kuma wani kaso na wannan aiki a hannunku yake faɗowa. Duk ƙarfen da kuka ɗaga ya wuce kan mutum, akwai rai a ƙarƙashinsa.

Shawarata ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: ku tsare mahaɗa. Wurin da ƙarfe ya gamu da ƙarfe, ko da walda ko da kusa da noti, nan ne ƙarfin gini yake, kuma nan ne fenti yake rufewa har mai aiki ba ya ganin abin da aka yi masa. Mai kuɗin bai san kyakkyawar walda ba, yaran da za su zauna a ajin ma ba su sani ba. Daga ku sai Allah.

Wannan doka ita ce ke riƙe da dogayen benayen duniya. Tun da injiniya William Le Baron Jenney ya gina bene mai hawa 10 a birnin Shikago na Amurka a 1885, ya ɗora nauyinsa a kan ƙashin ƙarfe maimakon bango, hanyar ba ta sauya ba: ginshiƙai a tsaye, ƙarafa a kwance, da mahaɗar da ke miƙa nauyi daga wannan zuwa wancan har ya sauka ƙasa. Rumfar da kuke kafawa a kasuwar dabbobi da bene mai hawa 60 duk hukuncinsu ɗaya. Shi ya sa abin da ya faru ga manyan ya isa ya zama darasi a shagonku.

Darasi na farko, kada ku sauya zane don neman sauƙi. A otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City, an tsara gadojin tafiya biyu, ɗaya a kan ɗaya, su rataya a dogon ƙarfe guda da ya sauko daga rufi. Wajen aiki sai aka ga haɗa shi da wuya, aka raba ƙarfen biyu, aka rataya gadar ƙasa a jikin ta sama. Wannan ƴar sauyi ta ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama. Ranar 17 ga Yuli 1981 gadojin suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu. A birnin New York kuma, benen Citicorp mai hawa 59, an tsara a yi wa mahaɗan ƙarafansa na gicciye walda, sai aka ɗaure su da kusoshi don rage kuɗi. A 1978 injiniyan ginin, William LeMessurier, ya sake lissafi ya gano iska mai ƙarfi za ta iya kayar da shi. Bai ɓoye ba. Ya kai maganar ga masu ginin, aka riƙa shiga da masu walda da dare suna liƙa faranti mai kaurin santimita 5 a kan mahaɗan, har aka tsare ginin. In an ba ku zane, ku bi shi. In kun ga ba zai haɗu ba, ku ajiye aiki ku kira wanda ya zana. In kuma babu zane sam, ga shato ko rufi mai faɗi, ku ce da mai aikin ya nemo injiniya ko daga Maradi ne. Faɗin haka ba ya rage wa gwani daraja.

Na biyu, waldar kanta. Ɗigon da kuke yi don ƙarfe ya tsaya kafin a daidaita shi, riƙon ƙwarya ne kawai, ba a ɗora masa rufi. Ku kankare tsatsa da fenti da mai kafin ku kunna wuta. In ƙarfe ya yi kauri, ku fiƙe bakinsa da injin gurza don narkakken ƙarfe ya shiga har ciki, kada ya kwanta a sama kawai. Bayan kowane zubi ku buge kashin walda, ku goge, ku duba da idonku kafin ku ƙara wani a kai. Wuta ma a ba ta haƙƙinta: sanda mai milimita 3.2 tana son wajen amfiya 90 zuwa 130, ƙaramin janareta da ke tari ba zai ba ku wannan ba, sai dai walda mai kyan gani wadda ba ta kama ba. Sandar 6013 da aka saba da ita ta isa ƙofa da taga da ƙananan ayyuka. Ga ƙarfe mai kauri da zai ɗauki babban nauyi, 7018 ake so, ita kuwa ba ta shiri da laima. In ta sha damshin damina, waldar kan tsage daga ciki bayan kun tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kusoshi kuma ku duba lambar da ke kansu: 8.8 ita ce ta ɗaukar nauyi, 4.6 ba ta kai ta ba ko kusa.

Na uku, iska. Mu da muke bakin kwarin Tarka mun san abin da hadarin farkon damina yake yi. Ku riƙe wannan lissafi: in gudun iska ya ninka, ƙarfin da take tura gini da shi ya ninka sau huɗu. Rufin kwano kuma iska ba danne shi take yi ba, ɗaga shi take yi, shi ya sa akan tsinci rufin aji sukutum a gonar wani. Don haka ɗaurin rufi a jikin bango ko ginshiƙi ya fi kowane ɗauri muhimmanci. Ginshiƙai huɗu da aka haɗa da ƙarafa a kwance kawai, karkacewa suke yi in an tura su. Ku gicciya ƙarfe daga kusurwa zuwa kusurwa a bango da kuma a rufi, ku sa shi tun ranar kafawa, kada ku bar ƙarafa tsaye su kwana ba tokara. Ko manyan kamfanoni iska ba ta raga musu ba: a ranar 11 ga Satumba 2015 guguwa ta kayar da ƙugiyar ɗaga kaya a Masallacin Harami na Makka, mutum sama da 100 suka rasu.

Na huɗu, nauyi da tushe. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce. Shato mai lita 20,000 yana nufin tan 20 a saman ƙafafu huɗu, ban da nauyin tankin kansa, kuma mata da yara da dabbobi a gindinsa suke yini. Ƙasarmu yashi ce. Kada ku soke ginshiƙi a rami ku watsa masa siminti ku ce an gama. A yi tushe na kankare mai rodi, a dasa kusoshi a ciki, a zaunar da ginshiƙi a kan faranti, a auna tsayuwarsa da igiya da ma'aunin ruwa. Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma yana son a riƙa shayar da shi a makon farko. Kada ku yarda a cika tanki kafin lokaci don mai aiki yana gaggawar buɗe famfo.

Na biyar, kayan aiki. Ku auna kaurin fayif da kanku kafin ku saya, domin mai milimita 1.5 da mai milimita 3 daga nesa kamarsu ɗaya, wajen ɗaukar nauyi kuwa ba su haɗa hanya ba. Rodin kankare ba ƙarfen rufi ba ne, wani ma in an yi masa walda karyewa yake yi a daidai wurin. Ku toshe bakin fayif kada ruwa ya kwanta ciki, ku shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado.

Game da sauri, ku dubi benen Empire State mai hawa 102, wanda aka gama a 1931 cikin kwana 410, ƙashin ƙarfensa yana tashi wajen hawa huɗu da rabi a mako. Abin da ya ba su wannan gudu shi ne kowane ƙarfe an yanke shi, an huda shi, an sa masa lamba tun a masana'anta, yana isowa ana ɗaga shi wurinsa. Ku ma ku yi awo da yanka da haɗi a ƙasa, inda kuke tsaye daram kuna ganin abin da kuke yi. Waldar da aka yi a saman tsani, hannu ɗaya riƙe da ginshiƙi, da wuya ta yi kyau.

Iyayena masu gida, yaran da ke hannunku amana ce. Tabarau na rana ba ya tsare ido daga hasken walda, ku saya musu garkuwar fuska ta gaske da safar hannu, da igiyar ɗaure ƙugu ga mai hawa sama. Ƙarfe mai rufin tutiya hayaƙinsa na sa zazzaɓi, a yi waldarsa a sarari. Ku bar su su koyi karanta zane da lissafi. Bututun man fetur mai kusan kilomita 2,000 da aka shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, da dogon otal ɗin Radisson Blu da kamfanin Summa na Turkiyya ya gina a Yamai a 2019, sun nuna manyan ayyuka suna zuwa ƙasar nan. A irin waɗannan wurare gwada hannun mai walda ake yi kafin a ɗauke shi, kuma ba abin da zai hana ɗan Dakoro cin wannan gwaji in an koya masa daidai tun yana ɗan koyo.

Na san matsin da kuke ciki. Mai aiki zai ce wane ya yi masa ragi, ku rage ƙarfe ku ma ku samu. Ku gaya masa gaskiyar abin da aikin yake ci, in ya ƙi, ku bar masa abinsa. Zai fi sauƙi in kun haɗa kai, manyanku suka tsayar da kaurin ƙarfen da ba wanda zai sauka ƙasa da shi a rufin aji, masallaci ko shato, yadda mai neman araha ba zai samu wurin gudu ba. Magabatanmu magina sun san iyakar tazarar da azara take ɗauka, ba su ƙetare ta don faranta wa kowa ba, shi ya sa masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19 ake ambatonsa har yau.

Ina roƙonku, kafin ku shafa fenti a kan kowace mahaɗa, ku tsaya ku dube ta sosai, ku tambayi kanku ko za ku yarda ɗanku ya zauna a ƙarƙashinta. In zuciyarku ta yi ɗar, ku gurje ku sake. Allah ya tsare ku, ya tsare waɗanda za su zauna a inuwar aikinku.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku mai ƙaunar sana'arku.