Noma Da Su: Kafin A Sayi Injin Kwale-kwale

Mutumin da ke zaune a Shadawanka, gefen barikin soja na garin Bauchi, ba zai yi tsammanin maganar jirgin ruwa ta shafe shi ba, tun da yake duwatsu ya saba gani in ya ɗaga kai. Amma madatsar Gubi, wadda ke shayar da garin, tana nan kusa, da masuntanta. In an nausa arewa ga kogin Jama'are, in an yi gabas ga tafkin Dadin Kowa a kan kogin Gongola, wanda ke cikin Jihar Bauchi kafin a yanke Gombe a 1996. Saboda haka ba abin mamaki ba ne soja ya aje aiki, ya karɓi garatutinsa, wani ɗan'uwa ya ba shi shawarar ya sa kuɗin a kwale-kwale mai inji, na fito ko na kamun kifi. Shawarar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sayen injin, domin a nan ne rabin jarin yake tafiya, wani lokaci ma fiye.

Irin injin da ake ɗaurawa a bayan jirgi ba sabon abu ba ne. Wani Ba'amurke, Ole Evinrude, shi ya ƙera wanda ya fara karɓuwa a kasuwa wajen 1909. A kogunanmu da tafkunanmu kuwa, daga Yawuri har Baga, Yamaha ce ta fi yawa, sai Suzuki da Tohatsu.

Tambayar da mai saye yakan fara yi ita ce: doki nawa? Watau ƙarfin injin, 15 ko 25 ko 40. Galibi kuwa zuciya takan karkata ga babba, don a ce jirgin wane ba ya da na biyu a mashaya. To, a nan ne kuskure na farko. Jirgin katako mai nauyi ba tashi yake yi a saman ruwa ba, keta ruwan yake yi, kuma yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanke masa. Faffaɗan jirgi mai tsawon mita 10, in ya kai kamar kilomita 14 a awa, duk ƙarfin da aka ƙara masa ba ya haifar da wani gudu na kirki. Gindinsa ne zai nutsa, hancinsa ya ɗaga, ya riƙa tura taguwa, mai yana ƙonewa a banza. Siririn jirgi yakan ɗan wuce wannan iyaka, amma shi ma ba da yawa ba. Ga kuma lissafin mai: injin doki 15 in an sake masa wuta duka yana shan kusan lita 7 a awa, na doki 40 kuwa kusan lita 20. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, wannan tazara ita ce tsakanin riba da faɗuwa ga mai fito.

Masu ƙananan jiragen da iska ke turawa a Turai da Amurka sun daɗe da gane haka. Inji mai doki 4 zuwa 6 suke ɗaurawa, don fita daga mashaya da dawowa in iska ta tsaya, ba su kuma ɗauke shi komai ba sai mataimaki. Masunci a Gubi, inda ruwa yake kwance ba ya gudu, ya fi kusa da su a buƙata. Mai ɗaukar buhunan hatsi yana hawan kogi da damina, ruwa na turo shi baya, shi ne ke da hujjar neman babba.

Abu na biyu, wanda ba kasafai ake tambaya ba sai an kai injin bakin ruwa, shi ne tsawon ƙafarsa. Akwai gajere mai inci 15, da dogo mai inci 20. Kamata ya yi a auna allon bayan jirgi daga sama har ƙasa tun kafin a tafi kasuwa, domin faifan nan da ke bisa farfela so ake ya daidaita da ƙasan jirgin, ko ya ɗan gota ƙasa kaɗan. In ƙafar ta gaza, farfela za ta riƙa shaƙar iska tana kururuwa ba ta tura komai, kuma ramukan da ke zuƙo ruwan sanyaya inji za su riƙa fita daga ruwa. In ta yi tsawo da yawa, ita za ta fara gaisawa da kowane kututture. Tafkunan madatsu kuwa cike suke da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, kamar yadda masu tuƙi a Kainji suka sani tun da aka gama madatsar a 1968.

Sai batun iri. Akwai injin da ake gauraya masa fetur da baƙin mai, akwai kuma mai rumbun mansa daban kamar na mota. Na biyun ya fi tsimin fetur, ba hayaƙi, ba ƙara sosai. Amma ya fi nauyi da tsada, kuma ba kowane makaniken bakin ruwa ne ke iya buɗe shi ba. Na farkon mashayi ne, sai dai fulogi da sukudireba sukan tashe shi. Ga wanda zai yi aiki nesa da gari, zaɓi mafi hankali shi ne injin da makaniken mashayarsa ya sani, wanda kuma ake samun kayansa a kasuwa mafi kusa, ko da wani ya fi shi kyau a takarda. Gaurin da aka fi yi shi ne kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, watau rabin lita a jarka mai lita 25, sabon inji kuma akan ninka masa man a awannin farko. A duba littafin injin, a kuma nemi man da aka yi domin injin ruwa. Man da aka juye daga mota, wanda wasu ke zubawa don arha, shi ke toshe fulogi ya cinye fistin.

Wanda ƙarfinsa bai kai sabo ba, zai sayi na hannu, kada ya yarda da fenti. A tayar da injin cikin duro cike da ruwa, ba a busasshe ba, gama robar famfon ruwa takan ƙone cikin ɗan lokaci kaɗan in ta juya babu ruwa. A ga ɗan siririn ruwan nan yana tsartuwa daga bayan inji da ƙarfi. A kwance sukurun man giya na ƙasa: in man ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga, gyara na jiran mai saye.

Kayan da ke bin inji ba su da yawa, amma a nan ne aka fi yin rowa. Farfela ta biyu da goronta da fil ɗinta, domin kainuwa da ciyawar kacala da igiyar koma ba sa barin farfela lafiya, fulogi biyu, igiyar tayarwa, matatar mai, da sarƙa ko igiyar da za ta riƙe injin in maɗaurinsa ya kwance. Akwai kuma 'yar jar igiyar nan da direba ke ɗaurawa a hannu, wadda ke kashe inji nan take in ya faɗa ruwa. Sau da yawa akan gan ta naɗe a jikin injin kamar ado, alhali jirgin da direbansa ya faɗi yakan yi ta kewaya ya dawo kansa da farfela. Filafili da gora kuma ba a barinsu gida don an sayi inji.

Inji yana da wata illa da ba a faɗa a kanti. Da can hannun matuƙi ne ke gaya masa kaya sun yi yawa. Inji kuwa ba ya gajiya, sai ya ɓoye nauyin har ruwa ya kai leɓen jirgi. A Nuwamba 2020 kwale-kwale ya kife a kogin Buji, Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau, mutum 18 suka rasu. A Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta Jihar Kebbi ya tsage da mutane fiye da ɗari a ciki. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara aka yi na Bagwai a Jihar Kano, inda fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin ƙasa, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja.

Saboda haka tsohon sojan Shadawanka, in ya zauna lissafi, ya fara da adadin mutanen da jirginsa zai ɗauka lafiya, ya ware kuɗin rigar kowannensu, har da ƙanana na yara, domin rigar babba takan zame daga jikin yaro. Abin da ya rage shi ne kuɗin inji. In bai kai na doki 40 ba, na 15 zai kai jirgin gaɓa.