KAFIN KU SAYO AKWATIN ZUBA KAYAN WASAN YARA, KU KARANTA WANNAN

'Yan'uwa mazauna Ingila, musamman masu ƙananan yara da ke zaune a gidan haya. Maganar yau wasu za su ce ƙarama ce, wai kayan wasan yara. To a tambayi wanda ya dawo daga dutin dare na awa 12 ya taka ɗan Lego da tafin ƙafa a cikin duhu, shi zai faɗi ko ƙarama ce. Gidaje da yawa wannan tarkacen ne ke haɗa miji da mata cacar baki, shi ke sa a ji kunyar baƙo ya shigo, wani lokacin ma shi ke kai yaro asibiti.

Ra'ayina a taƙaice: abin da ke damun yawancinmu yawan kaya ne, wurin ajiya bai yi mana kaɗan ba. Don haka kar ku kashe ko fam ɗaya a kan akwati ko kanta sai kun fara rage kayan. Wanda ya sayo akwati kafin ya rage, kuɗinsa kawai ya kashe ya ƙara wa ɗaki cunkoso, bayan wata biyu akwatin ya cika, ƙasa ma ta sake cika.

Mu tuna yadda muka taso. A gida wasan yaro a tsakar gida yake ko a ƙofar gida: langa, carafke, 'yar gala-gala, garen taya, motar kara ko ta gwangwani da yaro zai ƙera da hannunsa. Magariba na yi a watse, babu abin da za a adana. A nan kuwa ɗaki ɗaya ko biyu ne, ga sanyi, a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara. Yaro yana cikin ɗaki, wasansa ma a cikin ɗaki. Ga kayan wasa kamar banza: na bikin zagayowar ranar haihuwa, na maƙwabta da suka ce nasu yaran sun girma, na cikin kwalin abincin McDonald's, na shagon gwanjo. Kowa ya miƙo mu karɓa, don mun taso da jin cewa ba a mayar da hannun kyauta baya.

Akwai kuma dalilin da ba mu cika faɗi ba. Da yawanmu muna fita yara na barci, mu dawo suna barci. Zuciya sai ta yi nauyi, ranar hutu a shiga shago a sayo mota ko 'yar tsana don a rage zafin rashin zama da su. Wani kuma zai ce, "Ni ban samu ba ina yaro, bari nawa su samu." Wallahi na fahimci wannan, kuma ba abin zargi ba ne. Amma ku lura da kyau: motar nan kwana nawa take yi a hannunsa kafin ta koma ƙarƙashin kujera? Yaro in kaya suka yi masa yawa, zazzagewa kawai yake yi ya bar su a nan ya koma neman wayarku. Minti 20 da za ku zauna a ƙasa ku gina gida da shi ya fi masa sabuwar mota ta goma daɗi, kuma ba ku biya ko sisi ba.

To ga yadda nake ganin ya kamata a yi.

NA FARKO, a zazzage komai. Ku zaɓi ranar hutu, ku shimfiɗa zanin gado a tsakiyar ɗaki, ku tattaro duk kayan wasan gidan har na bayan kujera da na banɗaki. Ku raba su uku. Wanda ya karye ko ya ɓalle, shara kai tsaye, amma ku cire batir ɗin ku kai akwatin tara tsofaffin batura da ke manyan kantuna irin su Tesco da Asda, ba a zuba batir a kwandon shara. Wanda yaro ya girme shi kuma yana da kyau, a ba wani ko a sayar. Wanda yake wasa da shi har yanzu, shi ne kaɗai zai zauna. In yaro ya kai shekara huɗu ko biyar ku sa shi a cikin aikin, ku bar shi ya zaɓi abin da zai ba ƙanensa na wani gida. Wanda yake kwana da shi a hannu kuwa, ko ya tsufa kar ku taɓa masa.

NA BIYU, a riƙa juyi. Abin da ya rage ku sake raba shi kashi biyu ko uku. Kashi ɗaya a bar shi a ƙasa, sauran a zuba a jakar Gana-mas-go a zuge a ɗora saman wadirob, ko a cikin akwatin tafiyar nan da muka zo da shi yake zaune fanko a ƙarƙashin gado. Bayan mako biyu ko uku a sauko da wani kashi a ɗaga na ƙasa. Yaro zai yi murna kamar yau aka sayo su. Wanda aka sauko da shi sau biyu bai ko kalle shi ba, kun ga ya nuna muku da kansa cewa lokacin fitarsa ya yi.

NA UKU, mazubi na kyauta yana cikin gidanku. Kwalin famfas, kwalin takalmi, robar askirim, bokitin da aka daina amfani da shi, tsohuwar rigar filo. Kwalin ayaba na kanti yana da ƙwari sosai, in kuka tambayi ma'aikata sau da yawa za su ba ku. Ku yanke marfin kwalin, ku liƙe bakinsa da salatif, ku manna hoton abin da ke ciki a gaba: motoci a nan, 'yan tsana a nan, bulo-bulon gini a nan. Yaron da bai iya karatu ba ya iya gane hoto. In kun rubuta sunan da Hausa a ƙarƙashin hoton, kun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, don kun san yadda harshen ke sulluɓe wa yaranmu a nan. Gwangwanin madara mai kaifin baki da ledoji kuwa kar a ba yaro su zama mazubi.

NA HUƊU, in dole sai an saya, a sayi na hannu. A ce kuna samun fam 12 da 'yan kai a awa. Kantar fam 50 ta cinye muku wajen awa huɗu a tsaye, kafin ma a cire haraji. Ku duba Facebook Marketplace, Gumtree da Freecycle, da shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji irin su British Heart Foundation masu sayar da kayan ɗaki. Kantocin IKEA irin su Trofast da Kallax suna yawan fitowa a hannun masu tashi daga gida. Ku zaɓi gajere, mai buɗaɗɗen baki, wanda yaro zai iya kai hannu ba sai ya hau ba. Ku auna wurin da tef kafin ku fita. Abin da aka yasar a bakin titi kuma, musamman mai yadi ko auduga, ku bar shi a inda kuka gan shi, kar garin neman ƙiba a samo rama a kwaso kuɗin cizo. Duk 'yar tsanar auduga ta gwanjo a wanke ta kafin ta shiga hannun yaro, in yadinta zai jure a wanke a zafin digiri 60.

NA BIYAR, kuma don Allah ko ba ku riƙe komai ba ku riƙe wannan: lafiyar yaro.

Doguwar kanta ko durowa da ba a ɗaure ta da bango ba tana iya rikitowa kan yaro in ya taka ya hau. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka bayan irin wannan ya yi sanadin mutuwar yara. A gidan haya kuma ba a huda bango sai da izinin mai gidan, shi ya sa na ce a zaɓi gajere. Babban akwati mai nauyin marfi shi ma a cire marfin, yana iya datse yatsu ko ya rufe da yaro a ciki.

Ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓallin riga, na cikin kayan wasa masu kiɗa da haske da makullin mota, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona shi cikin awa biyu. In kun yi zargin ya haɗiye, kar ku tsaya jiran alama, kar ku sa shi amai, kar ku ba shi ci ko sha, ku garzaya sashen gaggawa na asibiti ko ku kira 999. Haka ma ƙananan maganaɗisu, in ya haɗiye biyu ko fiye suna iya manne wa juna su huda hanji.

In akwai ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan, kayan yayyensa masu ƙananan ɓangarori su koma sama, a roba mai marfi, a sauko da su in ƙaramin ya yi barci. Gwaji mai sauƙi: duk abin da ya shige cikin kwalin tsakiyar takardar banɗaki, ya yi wa jariri ƙanƙanta. In za ku saya, ku duba alamar CE ko UKCA, da jan da'irar nan mai fuskar jariri da 0-3 a ciki, ma'anarta ba na ƙasa da shekara uku ba ne. Ku yi hattara da masu arhar banza na intanet da ba a san daga inda suka fito ba.

NA SHIDA, ku tuna gidan ba namu ba ne. A Ingila doka ta ba mai gidan haya damar karɓar kuɗin ajiya har na hayar mako biyar. In hayarku fam 900 ce a wata, kun ga sama da fam 1,000 kenan na guminku ke jiran ranar tashi. Zanen kala a bango, ko yauƙin wasan nan da ya manne a kafet, duk daga ciki za a nemi cirewa. Don haka kala, fenti, almakashi, gam da ƙullin roba na wasa ba a haɗa su da sauran kaya a ƙasa. Su zauna a sama, a sauko da su in babba yana zaune, a shimfiɗa ledar cin abinci tukuna.

Gidajen nan kuma da yawa suna da laima. Kar ku jingina kwali da bangon da ke fuskantar waje ko ƙarƙashin taga, funfuna za ta kama shi ta kama 'yan tsanan da yaro ke sa wa a baki. Ku bar ɗan fili tsakanin kaya da bango iska ta riƙa ratsawa. Kar a tara kaya a jikin hita. Hanyar ƙofa da matattakala su zama fayau, in wani abu ya taso cikin dare ta nan za a fita da yara a hannu.

NA BAKWAI, a tsare ƙofar shigowa. Dokar gida ta zama in ɗaya ya shigo, ɗaya ya fita. In 'yan'uwa sun tambayi me za su kawo wa yaro, kar ku ji nauyi, ku ce littafi, ko rigar sanyi, ko takalmi. Katin laburaren unguwa kyauta ne, yaro ya ari littattafai ya karanta ya mayar, gida bai cika ba. Wasu unguwannin har da wurin aron kayan wasa, ku tambaya a laburare ko cibiyar yara ta kusa da ku. Mu ma a tsakaninmu, gida uku ko huɗu da suka saba za su iya musayar jaka duk wata a zauren WhatsApp, kowa ya wanke nasa kafin ya miƙa.

Wani zai ce yana tarawa ne zai aika gida. Niyya mai kyau ce, amma kago da kilo ake biya. Kar ku biya kuɗin jirgi a kan mota mai taya uku ko abin da ke cin batir ɗin da ba za a samu a ƙauye ba. Ku zaɓi masu ƙwari kaɗan, ƙwallo, bulo-bulon gini, littattafai masu hoto, ku ware musu jaka ɗaya, ku sa rana. Jakar da ta shekara biyu tana jiran "in za a tafi", gaskiya ta zama shirgi.

NA ƘARSHE, kwashewa aikin yaro ne, ba na Maman yara ita kaɗai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shekara biyu zai iya jefa mota a kwali in kun nuna masa. Ku sa lokaci ɗaya kullum, minti biyar kafin cin abincin dare ko kafin wanka, kowa ya sa hannu. In kwali uku ne kacal a ƙasa, minti biyar ya isa har ya yi saura. Kai kuma Baban yara, in ita ma aiki take fita kamar yadda kake fita, durƙusawa ka kwashi Lego tare da ɗanka ba zai rage maka girma ba. Abin da yaro ya ga babansa na yi shi yake ɗauka.

'Yan'uwa na Saudiyya, Amurka da sauran wurare, dokokin haya da lambar gaggawa sun bambanta da na nan, amma sauran shawarar duk ta shafe ku. A fara da jaka ɗaya a hutun wannan makon, kuɗin kantar kuma a tura shi inda ya fi amfani.

Allah Ya raya mana su, Ya sa albarka a neman da muka fito. Wanda yake da wata dabara da ta yi masa aiki ya faɗa mana mu ƙaru, kuma a tura wa sababbin zuwa masu yara.