Yaron Da Ya Bar Darasin Kiɗa: Ko Ƙofar Jami'a Ta Rufe?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame salla a babban masallacin New Bell, wani dattijo mai sayar da atamfa ya tare mu da wata tambaya, wadda muka ga ya kamata mu amsa ta a wannan fili, don ba shi kaɗai take damu ba. Ya ce: "Malam, ni na hana yaron nan zuwa darasin kiɗa a makarantarsu, don gidanmu ba mu gaji roƙo ba. Ga shi yanzu uwarsa ta ɗaga mini hankali, wai na toshe masa hanyar jami'a. Gaskiya ne?" Muka ce, Alhaji, kwantar da hankalinka.

A nan Kamaru ba a shiga jami'a da ganga ko garaya. Abin da ake tambaya shi ne takardar bak ga wanda ya bi ɓangaren Faransanci, ko GCE babba ga wanda ya bi na Ingilishi. Tun 1993, shekarar da aka raba Jami'ar Yawunde aka kafa jami'o'i 6, har da tamu ta Duwala, hukumomi biyu ke shirya waɗannan jarrabawa, ɗaya a Yawunde, ɗaya a Buea. A jarrabawar bak kowane darasi da nauyinsa, kuma ana son jimillar yaro ta kai 10 bisa 20. Ɗan sashen C lissafi ne ke ɗaga shi ko ya kā da shi, ɗan D ilmin halitta da lissafi, ɗan A4 harsuna da falsafa. Kiɗa ba ya cikin masu nauyin nan.

Sai dai in yaro yana da niyyar shiga makarantar fasaha ta Nkongsamba, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Duwala. To, can kam baiwar hannu da ta kunne ba abin wasa ba ce.

Amma fa, a ganinmu, Alhaji yana jifa ne inda babu tsuntsu. Barin da ke rufe ƙofa daban yake, kuma shiru ake yin sa, iyaye suna kasuwa. Bayan BEPC ake raba yara, wasu A, wasu C. Yaron da ya guje wa lissafi ya tafi A don abokansa suna can, ya yi ban kwana da konkur ɗin likita da na injiniya tun yana ɗan shekara 15, alhali uban yana nan yana cewa ɗansa zai zama dokta. Iyaye nawa ne a unguwar Hausawa suka san sashen da 'ya'yansu suke? Mun tambayi wasu, amsar ita ce "yana lise dai". Haka kuma harshe na biyu da ake zaɓa a aji na uku: Jamusanci, Sifaniyanci, ko Larabci inda ake koyar da shi. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, ya yi Ahalari, sai ka tarar an jefa shi Jamusanci don babu wanda ya je ya yi magana.

Masu 'ya'ya a ɓangaren Ingilishi kuma su lura: a sanarwar konkur da dama ana neman darussa biyu na GCE babba, ban da na addini. Yaro ya ci biyu, ɗaya na addini ne, lissafinsa ɗaya ke nan.

Game da kiɗan kansa, ba mu ce kowa ya saki al'adar gidansu ba. Muna dai tunawa da Manu Dibango, ɗan garin nan, wanda ya fāɗi kashi na biyu na bak a Faransa a 1956, mahaifinsa ya yanke masa kuɗi. A 1972 ya fitar da Soul Makossa, duniya ta san sunan Duwala. Ba kowane yaro ne Manu ba, mun sani.

Da muka tambayi Alhaji ko wane sashe yaron yake, sai ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce zai tambayi uwarsa. Mun yi da shi ranar Litinin za mu raka shi wurin shugaban makarantar, da takardar sakamakon zangon da ya wuce a hannu.